Jinjiri ma yana jin zafi

Ya Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana da iyaye.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai. Kwanakin baya aka yi wa wani yaro ɗan kwana uku tiyata a hanji, likita ya rubuta masa morfin, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Kakarsa na jin sunan maganin sai ta ɗora hannu a ka tana salati: "Ƙwaya za ku ɗura wa jinjiri? Ai bai san ciwo ba!" Ni kuwa ina tsaye a kansa, goshinsa a tamke, hannayensa a dunƙule, bugun zuciyarsa sai hawa yake a na'ura.

Wallahi ban ga laifin baiwar Allah nan ba. Duk mun ga ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa samarinmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Su kansu likitocin Amurka da Ingila sun daɗe a kan zatonta, har tsakiyar shekarun 1980 ana yi wa wasu bakwaini tiyata da maganin hana motsi kaɗai. Sai a 1987 Dakta Anand da abokan aikinsa a Oxford suka nuna cewa bakwainin da aka ba fentanil, wani maganin kashe zafi ɗan'uwan morfin, sun fi fita tiyata da ƙarancin matsala.

Morfin ba abin wasa ba ne. Yana iya rage numfashi, ya riƙe fitsari, kuma yakan daɗe a jikin jariri saboda hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwari ba. Shi ya sa ake auna shi da nauyin yaro, a maƙala masa na'urar duba iska, a ajiye naloxone, makarinsa, a kusa. In ya daɗe a kansa, a hankali ake janyewa. Ɗan zafin allura kuwa, nono da ɗumin ƙirjin uwa sukan wadatar. A gida babu zancen ba jariri morfin sam, kuma mai shayarwa ta guji kodin da tiramadol, don suna bi ta nono.

Na zaunar da kakar na yi mata bayani, ta ce a yi. Bayan la'asar ta leƙo, ta tarar da hannunsa ya saki, yana barci.

Don Allah Edita, ku tattauna da likitan yara a kan wannan da Hausa.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, Kano