Tarihin Burkina Faso Ya Girmi Sunanta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda ake ba da tarihin Burkina Faso, inda galibi akan fara daga ranar 4 ga Agusta, 1984, lokacin da Kyaftin Thomas Sankara ya sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta. Sunan da ya zaɓa abin yabo ne, domin ya haɗa kalmar "burkina" ta harshen Mosawa, mai nufin mutane masu gaskiya da mutunci, da "faso" ta harshen Jula, mai nufin ƙasar uba. Sai dai da ba don gwagwarmayar wasu da suka riga shi ba, da bai tarar da ƙasar da zai raɗa wa suna ba.

Faransa ta yanko wannan yanki ta mai da shi ƙasar mulkin mallaka mai zaman kanta a 1919, bayan gagarumin boren da mutanen yammacinsa suka yi a 1915 da 1916, ta kuma laƙaba masa sunan kogin Volta. A 1932 sai ta rushe ƙasar baki ɗaya, ta raba ta tsakanin Kwaddibuwa da Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau. Kaso mafi tsoka, har da Wagadugu, ya faɗa cikin Kwaddibuwa, inda ake kwasar samari zuwa aikin tilas a gonakin koko da kofi da kuma shimfiɗa layin dogo. Wannan, a ganina, shi ne babi mafi ciwo a tarihin ƙasar, kuma shi aka fi tsallakewa.

Sarakunan Mosawa, ƙarƙashin jagorancin Mogho Naba na Wagadugu, ba su yarda da wannan rabo ba, suka yi ta kai kuka ga hukumomin Faransa har aka maido da ƙasar a 1947. Ita ce ta sami 'yancin kai ranar 5 ga Agusta, 1960, ƙarƙashin Maurice Yaméogo.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu da malaman tarihi da su riƙa ambaton shekaru 15 ɗin da ƙasar ta yi ba ta cikin taswira, da sarakunan da suka tsaya tsayin daka har ta dawo, a duk lokacin da suke ambaton Sankara.

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarku