Koken 'Yan Mazan Jiya Kan Asibitin Da Aka Yasar

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne 'yan mazan jiya na wannan gunduma, tare da matan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ranka ya daɗe, ba son mu ba ne mu sake damun ka, amma daren Talata mun rasa Saje, dattijon da ke mana limanci. Numfashinsa ya sarƙe, muka yi karo-karo muka ɗauki shatar mota zuwa asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. A hanya ya cika, kansa bisa cinyar jikansa. Mutumin da ya fito da ransa daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970! Kuma motar nan ta gaban ginin da aka ce asibitinmu ne ta wuce da shi.

Ginin yana nan a linta. Rodi ya yi tsatsa, awaki ke kwana a inda aka ce ɗakin magani ne, allon kwangila ya koɗe. Ɗan kwangila ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 siminti ya tashi, sai an ƙara kuɗi. An ƙara, an kuma ƙarawa, ko bulo ɗaya bai hau ba. To kafin 2023 fa, me ya hana? Ɗan majalisa ya ce aikinsa ne ake yi wa ƙafar ungulu, ciyaman ya ce 'yan waccan jam'iyya suka cinye. Mu da muka je Laberiya da Saliyo, ba a tambaye mu jam'iyyarmu ba ranar da aka tura mu.

Mun rubuta, mun je ofis-ofis, mun yi magana ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da mu. Kullum "ana kai".

Muna roƙo, Allah ya taimake ka, a kira su ukun fada a gabanmu, a karanto nawa aka fitar, wa ya karɓa. A rufa ko ɗaki biyu ne, a kawo malamin asibiti. A samar mana motar ɗaukar marasa lafiya. A dai kira su, ranka ya daɗe. A kuma isar da kukanmu ga Mai Martaba Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
'Yan mazan jiya da iyalansu.
Sa hannu da dangwale na haɗe.