Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan kitsen jijiyoyin jini

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami labari likita ya ce jininka ya hau, kolestarol, wato wani irin kitse da ke yawo a cikin jini, shi ma ya yi yawa, amma ka jingine maganin wai don ba ka jin ciwon komai. Wannan hujja ta tayar mini da hankali, domin cutar nan ba ta sallama.

Kitsen yana kutsawa ne cikin bangon jijiya, musamman inda ta lanƙwasa ko ta rabu biyu, domin a nan gudun jini ke rikicewa, kamar yadda kogi ke zubar da yashi a kwana. Jiki sai ya lulluɓe tarin da murfi na zaruruwan nama. Tun 1987 binciken wani likita mai suna Seymour Glagov ya nuna cewa jijiyar kan buɗa ta waje don ta ba tarin wuri, hanyar jini ba ta fara tsukewa sosai sai tarin ya cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na filin cikin jijiyar, shi ya sa mutum ke shekaru yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Abin tsoron shi ne murfin, ba girman tarin ba. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, kowane bugu yana miƙe bangon jijiya ya sake shi, kuma da yake kitsen da ke ciki laushi gare shi, ba ya ɗaukar nauyi, sai ja-in-jan ya koma kan murfin, musamman gefunansa inda ya haɗu da lafiyayyen bango. A daidai nan ne kuma fararen ƙwayoyin jini ke taruwa suna fitar da sinadarai masu cinye zaruruwan. Idan kaurin murfin ya kasa kashi 65 cikin 1,000 na milimita, yana iya yagewa, jini ya taɓa kitsen ya daskare cikin mintoci, ya toshe hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa.

Maganin hawan jini yana sassauta wannan ja, na kolestarol kuwa yana rage kitsen da kumburi har murfin ya ƙara kauri. Saboda haka ka koma wa maganinka yadda aka rubuta maka, ka nisanci sigari, ka riƙa motsa jiki. In ka ji ƙirji ya danne ka, ciwon yana gangarawa hannu ko muƙamuƙi, ka nufi asibiti nan take, kada ka ce sai gari ya waye.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Mahaifinka