Ba kitse kaɗai ke toshe jijiyar zuciya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu. Kowa kitse yake zargi kan ciwon zuciya, alhali garkuwar jiki ma tana da hannu. Idan kolestarol, wato wani nau'in maiƙo da ke cikin jini, ya maƙale a bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini sukan kutsa su haɗiye shi, su cika fal, su mutu a wurin. Kumburi ya tashi, tarin ya yi ta girma, ranar da ya fashe sai jini ya daskare ya toshe hanya.

A 2017, wani babban gwajin magani da aka yi kan masu ciwon zuciya, mai suna CANTOS, ya nuna cewa maganin rage kumburi, ba tare da sauke kolestarol ba, ya rage sake kamuwa da bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya. Don Allah ku gayyato likitoci su faɗaɗa mana wannan bayani.

Naku,
Mai karatu