Kurakuran da Ke Cikin Finafinan Yaƙi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan finafinan yaƙi da matasanmu ke kallo a nan Damagaram, musamman waɗanda aka fassara da Hausa.

Wasu kurakuran na sakaci ne, kamar sojan da aka harba a kafaɗar dama ya bayyana da bandeji a ta hagu, ko a ga AK-47 a hannun mayaƙin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali yaƙin ya ƙare a 1945 kafin a ƙera ta. Waɗannan dariya kawai suke ba mu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake shafe kakanninmu. Lokacin da dakarun ƙawance suka sauka a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944, akwai dubban 'yan Afirka cikin rundunar Faransa, kuma waɗanda ake kira sojojin Senegal daga ƙasashen Afirka ta Yamma daban-daban aka ɗebo su, har da Nijar, amma sau da yawa Turawa zalla ake nunawa, yaro kuwa abin da idonsa ya gani shi yake ɗauka gaskiya.

Ina kira ga masu shirya finafinanmu, idan za su nuna yaƙin Tirmini na 1899, wanda aka gwabza tsakanin Damagaram da Faransawa, su tuntuɓi dattawan fada, domin tun zamanin Sarki Tanimu Damagaram na da igwa da bindigogi, ba kwari da baka kaɗai ba.

Naku,
Mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram