Zuwa ga kamfanin da yake ba rukunin gidajenmu ruwa: kuɗin iska kuke karɓa

Assalamu alaikum.

Na rubuto a fili ne saboda waya kam na gaji. Ranar 15 ga Afrilu da ƙarfe 11:20 na safe na kira layinku karo na shida, aka ɗaga, na yi bayani cikin mutunci, sai yaron ya ce min wai "Hajiya in kin ga da tsada ai sai ki haƙa bohol ɗinki", ya kashe waya. Wallahi na haifi kamarsa.

A watan Janairu kuka sa mana mita muka biya naira 35,000, kuka ce don a rage ɓarnar ruwa ne, Kano ta cika ta batse, ruwan Tamburawa da Challawa ba ya isowa nan bayan gari, na ƙasa kuma kullum ƙara nisa yake saboda kowa haƙa yake. Ban musa ba. Rijiyar gidanmu da muka taso muna ja da guga yanzu tun kafin bazara take ƙafewa. Na hana yara wanka da shawa, ruwan alwala a bokiti muke tarawa mu zuba wa zogale.

To sai ga bil ɗin Maris naira 18,400, a watan da famfona bai kawo ruwa ba sai kamar sau biyar ko shida. Na tsaya da idona na ga mita tana juyawa famfo yana ta huci, iska ce kawai take fita kafin ruwan ya iso, ita kuka lissafa min, ga kuɗin 'yan garuwa da nake biya kusan kullum ban ma san nawa ya kai ba.

Bututunku da ya fashe a bakin masallacin layinmu ya fi wata yana kwarara, har ciyawa ta tsiro, almajirai a nan suke wanki. Shi wa zai biya?

Ku gyara bututun nan, ku sake lissafin Maris, ku manna ranakun da kowane layi zai samu ruwa. Kuma ku faɗa mana dalilin da gidan wankin mota da masu fiya wata na bakin titi ba sa rasa ruwa dare da rana, mu masu yara muna kwana da tulu a bushe. Tattalin da kuke ta faɗa a kan talaka kaɗai kuka ɗora shi, mai biyan da yawa ko tambayarsa ba kwa yi.

Rasit ɗina duk suna nan a ajiye.

Mazauniyar layi na uku