Wata goma sha huɗun da ba a lissafa wa ɗan ƙanena ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya same mu a nan Abuja, domin na san ba mu kaɗai ba ne.

An kama ɗan ƙanena da satar waya, kuma ya amsa laifinsa. Ba wanke shi na zo yi ba. Ya yi wata 14 a tsare yana jiran shari'a, sannan aka ɗaure shi shekara biyu. Da muka karɓi takardar hukuncin, sai muka ga lissafi ya fara daga ranar da aka yanke, kamar waɗancan watannin a ɗakin mahaifiyarsa ya kwana su. Muka ce ƙaddara ce, muka yi shiru. Wani lauya da muke sallah tare ne ya buɗe mana ido. Ya ce dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda kotunan Abuja ke aiki da ita, ta umarci alƙali ya lissafa zaman jiran shari'a cikin ɗaurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar gyaran. Alƙalin da ya yanke hukunci ba ya komawa kansa, sai dai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu cikin kwana 30. Mu kuwa wa'adin ya wuce mana kafin mu ma ji labarinsa. Sai da aka fara roƙon ƙarin lokaci, aka biya kuɗin kwafin shari'a, mahaifiyarsa ta sayar da keken ɗinkinta. Kafin a gyara, yaron ya riga ya ci wata biyar a kan abin da ya kamata ya yi.

Ina roƙon manyan alƙalai, idan sun je ziyarar gidajen gyaran hali, su riƙa neman takardun waɗanda aka riga aka ɗaure, ba na masu jiran shari'a kaɗai ba. Hukumar ba da agajin lauya kyauta ita ma ta ajiye mutum a kotunan majistare, wanda zai faɗa wa dangi da Hausa, tun a ranar hukunci, cewa kwana 30 gare su.

Naka,
Wani magidanci daga Gwagwalada